Makarar Aro

Tun farko na faɗa wa Gafaru cewa goro ba takarda ba ne, amma ina! Ƙanena ne, ciki ɗaya, kuma kunnen ƙashi gare shi tun yana goye. Ya sayi goro ya kai wa sarkin unguwarmu a Nima, sarki ya sa albarka, ya ce a je a yi fim, Allah ya ba da sa'a. Gafaru ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai kamar an ba shi Akra kyauta.

A shekarun nan ne fim ɗin bidiyo ya shigo, duk mai kyamarar biki ya fara mafarki. Jamiu, abokin Gafaru, shi ke ɗaukar bikin aure da suna daga Maamobi har Kotobabi, kuma da kyamarar nan yake ci da iyalinsa. Shi ya yarda ya ɗaukar musu. Amma fim ɗin Gafaru ba na neman suna ba ne, ni na san abin da ke cinsa. Lokacin da Baba ya rasu Gafaru yana Legas wajen neman abinci, kafin labari ya kai masa an daɗe da binnewa. Bai ga gawa ba, bai sa kafaɗa a makara ba. Da aka koro mutanenmu daga Najeriya ya dawo da jaka ɗaya da wannan ciwo a zuciya. Sai ya tsara labarin wani ɗa da ya dawo daga tafiya, ya iske ana fitowa da gawar ubansa, ya samu ya ɗauka. Shi da kansa yake fitowa a ɗan. Duk sauran fim ɗin sun gama shi a tsakar gidanmu, saura wannan wuri guda, wanda dole sai a kan titi.

Ranar farko da suka fita gwaji a titin famfo, ko kyamara ba a gama ɗorawa ba sai ga 'yan tankas, ma'aikatan kansil ɗin nan masu kaki. Babbansu wani dogon Bagaye ne, wato ɗan ƙabilar asalin Akra, mai suna Mista Lamte, ya ɗan iya Hausar zango.

"Ina takarda?" ya ce.

"Sarki ya yarda," in ji Gafaru.

"Sarki yana da unguwa, kansil yana da titi. Biki kuke ɗauka, ko fim da za a nuna a biya a ƙofa?"

Gafaru bai iya ƙarya ba, wannan kam na shaide shi. Ya ce fim ne. Mista Lamte ya ce to ka'ida ita ce, biki da suna ba ruwan kansil, amma fim na kasuwanci a kan titin gwamnati sai da izini a rubuce. Yau gargaɗi ne. In ya sake ganinsu haka, kyamara za ta kwana a ofis.

Jamiu ya rungume kyamararsa ya yi gida. Gafaru kuwa ya shige ɗaki, abinci ma sai na yi masa tsawa yake ci. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa, "Kai, namiji da zaman makoki saboda takarda? Tashi ka ba ni wuri." Bai tashi ba, sai ni na ɗaura gyale na tafi ofishin kansil.

Ni Amama, atamfa nake sayarwa a kasuwar Makola, kuma wadda ta iya ciniki da matan Makola ba ta jin tsoron benci. Amma ofishin nan ya gwada ni. Yau a ce kawo takardar 'yan sanda, gobe a ce zana mana wurin, jibi a ce mai sa hannu ya tafi jana'iza ƙauyensu. Kullum "zo gobe." Na ce ba komai, mai nema yana tare da samu. Na riƙa rufe shago da safe in zo in zauna daidai ƙofar Mista Lamte da kokona da ƙosai, duk wanda ya wuce in gaishe shi da ƙarfi. Har masu shara suka san sunana. Ran nan ya leƙo ya ce, "Anti Amama, ba ki gajiya?"

"Ina gajiya mana. Tafiya ce ba na yi."

Ya yi dariya, ya ce in shigo. Ba mugu ba ne, aikinsa yake yi. Ya ba ni takardar, kuma ya karanta mini sharuɗɗan dalla-dalla don kada gobe in ce ban ji ba. Rana ɗaya ce, daga safe zuwa kiran azahar. Iyakarmu daga famfo zuwa ƙaramar gadar gota, ƙafa ɗaya kada ta hau babban titi inda motoci ke bi. Mutanenmu kada su wuce waɗanda muka rubuta. Shi da kansa zai tsaya. In an karya ɗaya, izini ya mutu, za a tafi da kyamara da kaset, kuma ba za a sake ba mu wani ba.

Saura makara. Malam Jibirilu, ladaninmu, shi ke riƙe da ta masallaci, kuma da farko ya ƙi ƙememe. "Makara ba abin wasa ba ce," ya ce. Sai da Gafaru ya durƙusa ya faɗa masa dalili. Malam Jibirilu ne ya yi wa Baba wanka, don haka ya ce a ɗauka amma a dawo da ita da mutunci. Bayan sallah ya sanar a masallaci cewa fim za a yi, kada kowa ya tsorata. Muka samo kututturen ayaba, na yanko farin yadi a shagona muka naɗe shi, aka rufa tabarma. Wallahi ni da na naɗe da hannuna sai da gabana ya faɗi.

Mun shirya komai, muka manta abu biyu. Ranar da kansil ya ba mu ta faɗo ranar kasuwar Nima, ranar da baƙi ke cika unguwa. Na biyu kuwa, mun manta ko mu su wane ne.

Da hantsi aka fara. Na tsaya a ƙofar gida tare da mata, tunda mace ba ta bin makara. Mista Lamte yana gefen famfo, hannu a baya. Jamiu ya ɗaga hannu, maza suka ɗauka, Gafaru ya shigo da gudu da jakarsa kamar yadda aka tsara, ya yar da ita, ya sa kafaɗa a gaba ta dama. Hawayen da ke fuskarsa ba na fim ba ne. Suka taho suna kalimar shahada.

Sai ga wani ɗan dako ɗauke da buhun albasa. Yana ganin makara ya sauke buhun a gefen hanya, ya sheƙo, ya miƙo kafaɗa. A wurinmu ai haka ake yi, ka san mamaci ko ba ka san shi ba, kana ganin makara za ka karɓa ka ɗan taka, ka ba na baya, kowa ya samu lada. Kuma ba a hana mutum. Gafaru, da aka yi duk wahalar nan dominsa, jikinsa ya riga hankalinsa, ya zame ya ba shi wuri.

Shi ke nan, an buɗe ƙofa. Mahauci ya aje wuƙa ya taho. Teloli suka bar kekuna. Zabarmawa masu albasa suka taso gaba ɗayansu, wani direban torotoro, motar hayar nan, ya faka ya fito da fasinjojinsa maza. Kafin ka ce kwabo titin famfo ya cika maƙil, makara tana tafiya daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ba ko ɗaya a cikin mutanenmu da ke riƙe da ita. Jamiu yana ihu, "Fim ne! Jama'a, fim ne!" amma kalimar shahada ta shanye muryarsa. 'Yan wasanmu kuwa kunya ta rufe musu baki, wa zai dubi dattijo yana hawaye ya ce masa wasa ne? Na hango Gafaru can baya yana kutsawa, ana ture shi kamar baƙo.

Kuma baƙin nan sun san hanya ɗaya ce gawa ke bi: a haye gada, a hau babban titi, a nufi maƙabarta.

Mista Lamte ya iso gabana da sauri. Har ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, shi ma abin ya taɓa shi. "Anti Amama," ya ce, "in sun haye gada, ba ni da yadda zan yi."

Ban tsaya ba shi amsa ba. Na cire takalma, na ɗaure gyale a ƙugu, na faɗa lungun bayan gidan wanka. A nan aka haife ni, na san inda kowane lungu ke ɓullewa. Na tsallake kwata, na ture kwanon wata mai wanki, ta bi ni da zagi da Gayanci, na ɓullo bakin gada daidai lokacin da makara ta iso. Na tsaya a tsakiya na ware hannuwa.

"Ku sauke!"

Subhanallahi, ka ga idanu. "Mace a gaban makara?" "Matar mamacin ce, ku riƙe ta!" "A'a, taɓin hankali ne." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, amma ban matsa ba. Na ce, "Ku ji tsoron Allah ku sauke, babu gawa a ciki!" Ba wanda ya saurare ni, na gaba ma ya sa kafaɗa zai ture ni. Sai na yi tsalle na cafko bakin tabarmar na fizge, na ja yadin da ƙarfina. Kututturen ayaba ya leƙo, kore shar, har da ruwansa.

Suka sauke a hankali, kamar har yanzu ba su yarda ba. Daga nan fa aka yi mini caa. Wani tsoho Bazabarme, gemu fari fat, ya matso yana huci. "'Yata, na bar kayana a titi, na yi wa wannan addu'a da zuciya ɗaya. Ayaba na yi wa addu'a?"

Na durƙusa har ƙasa. "Baba, ka yafe mana. Laifinmu ne, ba mu tsare hanya ba. Allah ya san niyyarka." Ya yi tsaki ya juya. Wasu suka bi shi suna Allah wadai, wasu suna dariya, wata daga bakin kasuwa ta ce ai dama 'yar gidan Inusah, wato Babanmu, ba ta da ta-ido. Na ji, na haɗiye.

Malam Jibirilu ya ratso taron, fuskarsa a murtuke. Bai ko dube ni ba. Ya mirgine kututturen a ƙasa, ya kira mutum biyu suka ɗauki makarar. "Na faɗa muku," ya ce, ya wuce. Ban ga laifinsa ba.

Mista Lamte ya dubi gada, ya dubi inda aka sauke. Ya ce ba su haye ba, kuma taron nan ya gani da idonsa ba mu muka kira su ba. Izini yana nan. Sai ya nuna sama da baki. Rana ta kusa tsakiya, ana kiran azahar an gama.

Gafaru yana zaune a bakin gota, kai a gwiwa. "Yaya, a bar shi," ya ce. "Allah bai nufa in ɗauke shi ba. Can ban samu ba, nan ma na ba wani."

"Rufe mini baki," na ce. "Ka ga na yi zaman benci, na tsaya gaban maza ba takalmi, don ka ce a bar shi? Jamiu, kada ka kashe abin nan. Ina zuwa."

Na biya wurin kafinta na karɓi guduma da sukundireba, na shiga gida. Ɗakin Baba yana rufe tun rasuwarsa, ba mai kwana a ciki. Na tsaya gaban ƙofar na ce, "Baba, ka yi haƙuri," na hau cire ta. Ƙusoshin sun yi tsatsa, ɗaya ta yanke ni a yatsa, ban kula ba. Na yi gammo da gyalena, matan gida suka ɗora mini, na fito da ita a ka kamar 'yar dako.

Kafin in sauke na raba mata aiki. Masu manyan murya na tura su bakin famfo, sauran bakin gada, na ce duk namijin da ya doso, da Hausa, da Tuwi, da Gayanci, a faɗa masa fim ne tun daga nesa. Muka sake naɗe kututturen, muka kwantar a kan ƙofar, aka rufa tabarma ta sauko ta rufe gefe.

Gafaru ya taso. Da ya sunkuya zai kama, sai ya ga wurin da katakon ya yi baƙi ya yi santsi, daidai inda Baba ke dafawa kullum in zai shiga. Ya tsaya. Ya ɗora tafinsa a wurin, ya ɗago ya dube ni.

"Ɗauki," na ce. "Kuma ko wa ya zo, kada ka ba shi."

Na koma ƙofar gida. Jamiu ya ɗaga hannu, suka ɗauka, suka taho. Sun yi rabin hanya sai wani bawan Allah ya ɓullo ta wani lungu da ba mu tsare ba, ya ga abin da ya gani, ya sheƙo ya miƙo kafaɗa daidai wurin Gafaru.

Gafaru bai zame ba. Ya ƙara riƙe katakon da hannu biyu, ya girgiza kai, ya ce da ƙarfi har ina jiyowa, "Yi haƙuri, ɗan'uwa. Ubana ne."

Mutumin ya ja da baya ya bi sahu. Gafaru ya kai Baba har bakin gada, ni kuma na zauna a dokin ƙofa na yi kukan da ban samu yi ba tun safe.