Takalman da Na Zaɓa wa Kaka

A gidanmu idan aka ce wa mutum shi ne mai karatu, to aikin da kowa ya ƙi ake shirin ɗora masa. Shi ya sa da Goggo Nubia ta leƙo ɗakina wata ranar Lahadi ta ce, "Berenice, ke ce mai karatun gidan nan," na rufe littafina na jira masifar.

Masifar ta tufafi ce. Saura sati uku a yi faretin tsofaffin motoci na bikin furanni, kuma dokar faretin ita ce duk wanda zai shiga mota sai ya sa kayan shekarar da aka ƙera ta. Tamu ƙirar 1934 ce, baƙa, mai tari kamar tsohon mashayin taba. Kakana Aicardo ne ke tuƙa ta. Shi ke wanke ta, shi ke zaginta, shi kaɗai take jin maganarsa. Bara daga bakin ƙofa aka koro mu, saboda wata mata mai riƙe da takarda ta dubi rigar Goggo sama da ƙasa ta ce motar ta girmi rigar da shekara goma sha shida. Goggo ta yafe wa mutane da yawa a duniya, har da mijinta, amma ban da matar nan.

Bana kuma babu damar wani kuskuren. Lasisin Kaka zai ƙare a watan Satumba, likitan ido ya riga ya gaya masa ba zai sa hannu a kan sabo ba. Wannan faretin ne na ƙarshe da zai riƙe sitiyari. Kowa ya sani, musamman mijin Goggo, Kawu Gildardo, wanda tun watan jiya ya sayi safar hannu ta fata ya ajiye, wai ko da wani abu zai faru.

"Ki nemo mana abin da manyan mutane suke sawa a lokacin," in ji Goggo. "Manyan mutane, kin ji ko? Kada ki kwaso min kayan masu jan alfadari."

Goggo tana son gaya wa baƙi cewa motar gadon gidanmu ce, kuma ba ƙarya take yi ba. Abin da take mantawa kullum shi ne mahaifin Kaka, marigayi Libardo, direban wani mai gonar kofi ne. Da motar ta faɗa kwazazzabo mai ita ya ce ya haƙura, Libardo ya ɗaura mata igiya ya ja ta da alfadarai huɗu har gida. Wata ɗabi'a ma daga wajensa Kaka ya gada, idan zai shiga motar sai ya tuɓe takalmansa ya jefa ƙarƙashin kujera. Goggo tana kiran wannan ƙauyanci. Ni kuma tunda ban taɓa ganinsa a littafi ba, ban ɗauke shi bakin komai ba.

Kwana uku na yi a ɗakin karatu na unguwa. Na samo wani littafi na tsofaffin hotunan garinmu Medellín, a shafi na tamanin da takwas ga wani attajiri tsaye jikin mota irin tamu, hannu ɗaya a aljihu. Kwat da falmaran, hular Turawa mai baki, takalma masu baƙi da fari suna ƙyalli. Har maɓallai na ƙirga. Na aro littafin, na zana komai na kai wa Goggo, ita kuma ta kai wa tela da mai takalmi.

A wajen cin abinci ta ɗaga takardata ta nuna wa kowa. "Kun gani? Ashe zaman ɗakin nan na yarinyar yana da amfani."

Shekarata goma sha biyar, kuma wannan ne yabo na farko da na samu a teburin nan.

Da takalman suka iso Kaka ya juya ɗaya ya shafa tafinsa da babban yatsa. Fata ce sabuwa, santsi kamar an shafa mata man shanu.

"Ke kika zaɓo, 'yar boko?"

"Ni ce, Kaka. Shafi na tamanin da takwas."

Ya dube ni, ina ta murmushi kamar wata shashasha. "To, tunda shafi ne ya faɗa," in ji shi. Ya cusa ƙafarsa ciki.

Ranar Asabar ta ƙarshe muka fita gwaji. Layinmu a unguwar Manrique gangare ne wanda idan lemo ya suɓuce maka sai dai ka yi masa fatan alheri. A ƙasansa, daidai kwana, Doña Ofir take gasa wainar masarar da muke kira arepa a kan wani teburin ƙarfe. Kaka yana cikin kwat ɗinsa yana gumi, ni ina gefensa da littafin a cinya, Goggo da Kawu a baya suna koyon ɗaga wa jama'a hannu.

Muna dosar kwanar Kaka ya taka birki. Na ga takalmin da idona, ya zame daga kan ƙarfen kamar sabulu. Ya sake takawa, ya sake zamewa. Sai ya kama birkin hannu ya ja da ƙarfinsa duka. Motar ta yi ƙara, ta ja tayoyinta, ta je ta sumbaci teburin a hankali. Babu wanda ya ji ciwo. Arepa dai ta kama hanyar cikin gari a guje, karnukan unguwa suka raka ta.

Doña Ofir ta goge hannunta a jikin rigarta ta aiki. "Don Aicardo, da ka ce dozin kake so ai da na aiko maka har gida. Ba sai ka zo da mota ba."

A gida babu wanda ya yi dariya.

"Baba, ya isa haka," in ji Goggo. "Yau tebur ne. Gobe a cikin dubban mutane fa? Ƙafarka ba ta jin maganarka yanzu."

"Ni ba don kaina ba," in ji Kawu Gildardo, bakin safar hannun yana leƙowa daga aljihunsa. "Amma idan ana neman mai taimakawa, ba zan ƙi ba."

Kaka ya kalle ni sau ɗaya. Sannan ya zaro makullin ya ajiye a kan tebur. "Tsufa ne," in ji shi. "Gildardo ya tuƙa."

Ni ce kaɗai na ga takalmin, kuma na yi abin da na fi ƙwarewa a kansa a duniya, na yi shiru.

Da rana na shiga gareji na durƙusa a wajen direba. Robar birkin ta cinye tun kafin a haifi Goggo, ƙarfe ne zalla, sumul. A gefensa akwai ɗan lotsawa. Na sa yatsana a ciki na gane ko mene ne, gurbin babban yatsan ƙafa ne, na mutum biyu, na shekara tamanin. A nan Kaka yake maƙale yatsansa ya danna.

Na koma ɗaki na buɗe shafin, wannan karon da gilashin da Kaka yake duba jarida da shi. Attajirin yana nan da hannunsa a aljihu. A bayansa, cikin inuwar motar, ƙofa a buɗe, akwai wani mutum da ban taɓa kallo ba saboda bai yi kama da wanda aka ɗauki hoton dominsa ba. Ruana a kafaɗa, bargon nan mai huda a tsakiya da ake zura kai, malafa a ka, ƙafa ɗaya ba takalmi a kan matakin motar. Na ƙirga yatsu biyar. Na bi littafin daga farko har ƙarshe, mota goma sha ɗaya, kuma babu ɗaya da mai kwat yake gaban sitiyari. Ko dai yana tsaye a gefe yana jiran tarihi ya gan shi, ko yana kujerar baya. Kwana uku ina bincike na yi wa direba ɗinkin fasinja.

Da safiyar faretin na shigo ɗakin cin abinci ɗauke da littafin da tsohuwar ruanar Libardo, wadda na tono daga akwatin Kaka. Goggo ta riga ta shirya, rigar siliki har ƙauri, ƙaramar hula a karkace da gashin jimina ɗaya. Kawu yana cikin kwat ɗin, don tela ya sassauta masa shi jiya, yana shan cakulan mai zafi da safar hannu.

"Goggo," na ce. Ba ta juyo ba, sai da na sake. "Goggo, takalman ne. Ba ƙafar Kaka ba ce. Ni na yi kuskure."

"Berenice, sauri muke yi."

Na ajiye littafin a gabanta, na ɗora gilashin a kan shafin. Na nuna mata ƙafar.

Ta duba, ta ture shi. "Ubana ba zai ratsa gari ƙafa ba takalmi ba, ana ɗauka a talabijin. Me kike so mutane su ce? Cewa mu jikokin direba ne?"

"Ai jikokin direba ne," in ji Kaka daga kujerarsa, yana tsoma arepa a kofin cakulan. Maganarsa ta farko ke nan tun jiya.

"Baba, don Allah."

Na sa baki. "Matar nan mai takarda tana nan bana ma. Idan ta ga mai kwat a gaban sitiyari za ta iya cewa ba haka ake yi ba a lokacin. Masu kwat a baya suke zama." Na buɗe wani shafin. "Kin ga nan. Matar mai mota ce, ga ta a baya, direba ya buɗe mata ƙofa."

Goggo ta daɗe tana kallon matar. Na ga lissafin yana tafiya a fuskarta.

"Buɗe mata ƙofa yake yi?"

"Har da cire malafa."

"To birkin fa?" in ji Kawu. "Jiya kowa ya gani."

Kaka ya shanye cakulansa, ya tashi, ya karɓi ruanar daga hannuna ya zura kansa. A bakin gareji ya tuɓe silifas ɗinsa. Ya miƙa wa Kawu hannu, Kawu ya sa masa makullin a ciki da safarsa mai kyau.

Muka gangara layin. Doña Ofir tana hango mu ta rungume tirenta ta koma bakin ƙofa. Na ga yatsan Kaka ya nemi gurbinsa ya shige. Motar ta tsaya cak, tsakaninta da teburin bai fi taƙi ɗaya ba.

"Dozin ɗaya, Doña Ofir," in ji shi. "Yau a hannu zan karɓa."

A bakin ƙofar faretin matar mai takarda ta zagaya mu sau biyu. Ta taɓa gashin jiminar, ta ƙirga maɓallan Kawu, wanda ke zaune a baya takalman suna matse shi. Da ta leƙa wajen direba ta tsaya. Na miƙa mata littafin a buɗe kafin ta tambaya, don na san idan ta tambaya ba zan iya amsawa ba.

"Shekara tara ina tsaye a ƙofar nan," in ji ta. "Attajirai ɗari uku nake shigarwa kowace shekara, duk suna tuƙa kansu. Yau na fara ganin direba." Ta buga mana lamba.

Muna cikin layi wata mata a motar kusa da mu, mai lema da sarƙar wuya hawa uku, ta leƙo wajen Goggo. "Señora, ina kika samo direban nan? Kamar na gaske. Haya kika ɗauko shi?"

Goggo ta gyara hularta. Abin da take so a tambaye ta ke nan tun tana yarinya. Ta buɗe baki, Kaka ya riga ta.

"Gado ta ci, ranki ya daɗe. Ni da motar gaba ɗaya."

Matar ta yi dariya. Goggo ba ta yi ba. Ta kalli ƙeyar Kaka, da bakin malafar da asu ya ci, sannan ta ɗaga murya fiye da yadda ake buƙata.

"Baba, ka kalli hanya. An fara tafiya."

Matar ta janye kanta cikin motarta.

Awa uku muka yi a kan titi, motar ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Kyauta kuwa ba mu samu ba, wani likitan haƙori ne ya ci da gashin baki na roba. Da muka dawo Kaka ya kashe injin ya zauna, hannunsa a kan sitiyari. Can ya sunkuya ya murza yatsan ƙafarsa, wanda ya yi ja.

"'Yar boko, wane shafi ne kika ce?"

"Tamanin da takwas, Kaka."

"Ki ajiye min shi a buɗe kafin ki mayar. Ina so in ga ƙafar mutumin nan da kyau."