Takardar Shaidar Don-me

Tun yana ɗan shekara huɗu muke kiran ƙanena Don-me. Ko ruwa ka miƙa masa sai ya tambaye ka don me na randa ya fi na bokiti sanyi. Sunan ya bi shi har ya yi gemu.

Ni na samo masa aiki a kamfanin fenti inda nake buga takardu a ofishin manaja. Aka kai shi ɗakin haɗi, inda ake juye durorin sinadari cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe. Shekara uku ba wanda ya ji kansa, sai da mutum biyu a ɗakin suka fara tari da jini. Daga nan ya shiga tambayar shugaban ɗakin me ya sa ake kankare takardar jikin wasu durorin kafin a shigo da su. Ya tambaya sau ɗaya, sau biyu, har a gaban baƙi. Wata Litinin da safe masu gadi suka karɓe masa katin shiga, aka ce an sallame shi.

Manaja ya kira ni. "Ki buga masa takardar shaida, kada a ce mun yi masa mugunta." Ya faɗo jimla uku da Turanci. Ta ƙarshen, in an fassara, cewa take yi mutum ne mai shisshigi, mai tsoma baki a abin da ba ruwansa. Duk wanda ya karanta wannan ko shara ba zai ba shi ba.

Da aka tashi hutun rana na wuce gidan Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, wanda ya shekara talatin yana koyar da Turanci kafin idonsa ya yi rauni. Na same shi a baranda, rediyo a cinya.

"Kawu, yaya ake cewa da Turanci mutum yana da son sanin abu, son da ba ya gushewa, ba tare da ya zama zagi ba?"

Ya rage muryar rediyon. "Abiding curiosity," in ji shi, ya jero mini haruffan ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa a bayan ambulan. "Amma ba a barin ta tsirara. Sai kin bi ta da about, ki faɗi abin da mutumin yake son sani. In kika bar wurin fili, mai karatu zai cike shi da abin da ya ga dama."

"To sai in ce aikinsa."

"Nahawu ba zai hana ki ba. Amma aikin ne yaron nan yake tambaya a kai?"

Na ninke ambulan ɗin.

"Ashe kin sani," ya ce, ya ƙara muryar rediyonsa.

Na koma ofis na buga jimlar. Na ce yana da son sani mai ɗorewa game da sinadaran da yake taɓawa kullum da abin da suke yi wa jikin mutum. Na duba ta sau uku, na kai wa manaja. Manaja ba ya karanta abin da yake sa wa hannu, amma ranar ya karanta. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Wa ya koya miki wannan Turancin?"

"Akwai kuskure ne, ranka ya daɗe?"

"Babu kuskure." Ya turo mini takardar da ɗan yatsa. "Ki buga abin da na faɗa, ko ki bar mabuɗin durowarki a kan tebur."

Ina da 'ya'ya uku, ubansu ya rasu, mahaifiyarmu tana ɗakina. Na buga abin da ya faɗa, ya sa hannu, na buga hatimi da kaina.

Da yamma na kai wa Don-me. Ya karanta a tsaye a bakin ƙofa, ya yi 'yar dariya.

"Yaya, ai kin iya bugu. Ko waƙafi ba ki manta ba."

Dariyar ta juye tari, ya juya mini baya ya rufe baki da hannun riga. Ban tambaye shi tun yaushe ba, shi ma bai tambaye ni komai ba.

Wata biyar bayan haka aka kwantar da shi a asibiti. Likita ya ce in an san sunan sinadarin da ya shaƙa, aikin zai zo da sauƙi. Na shiga wurin manaja na roƙa, har na durƙusa. Ya ce duk kayansu an tantance su, ya yi masa addu'ar samun lafiya.

Don-me ya rasu ranar Alhamis da hantsi, ina ofis. A makon da na koma aiki aka ɗauki sabon mutum a ɗakin haɗi, magidanci mai fara'a, ya gaishe ni har ƙasa. Ni na buga masa takardar kama aiki.