Saƙon da Ya Faɗa Wayar Baba

A teburin mai shayi, idan Bilyaminu ya ɗauko zancen siyasa, ko rediyo sai ta saurara. Amma da ya shiga gida, sai ka rantse ɗinke masa baki aka yi. Dalili kuwa, Jaji, mai neman kansila karo na uku, wanda Bilyaminu ke caccaka kullum, ƙanin mahaifiyarsa ne. Mahaifinsa Malam Abarshi kuma ko gona ba ya zuwa sai da hular kamfen ɗin Jaji. Babur ɗin da Bilyaminu ke acaɓa da shi a hanyar Randagi na tsohon ne, ya kuwa sha faɗin duk wanda ya taɓa surukinsa ya ajiye makulli.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wata Laraba Bilyaminu ya naɗi murya ta minti huɗu don abokinsa Friday, ya yi wa Jaji wankin babban bargo. Da ya zo turawa yatsa ya zame, saƙon ya tafi wayar Baba.

Ƙauyen ba sabis sai a kan wani suri a bakin daji, can tsohon ke hawa bayan la'asar ya duba waya. Bilyaminu ya taka babur don ya riga shi, amma ina! Ya tarar da shi a ƙolin surin, muryar Bilyaminu na tashi raɗau daga wayar: "Kawu Jaji fa, ko akuya aka ba shi kiwo sai ta nemi canjin gida."

Malam Abarshi ya saurara har ƙarshe, ya sake kunnawa. Sannan ya sauko a hankali.

"Wannan kai ne?"

Bilyaminu ya durƙusa ya miƙa makulli. "Ni ne, Baba. A yi haƙuri."

Tsohon bai karɓa ba. Ya waiga dama da hagu, ya rage murya. "Ka manta da takin da ya ce zai kawo mana. Shi ya fi ci mini rai."

"Baba, to hular fa?"

"Tana tare rana, tana kuma sa uwarka ta zuba mini nama a miya. Zaɓe biyu ban dangwala masa ba." Ya haye bayan babur ɗin. "Da ka yi magana tuntuni, da ban kwashe shekara takwas ina guna-guni ni kaɗai a gona ba. Mu je, ka bi a hankali, ina da sauran bayani."