In Na Yi Kuka Baba Fita Yake Yi

Bayan an cire wa Auta ƙodar da ciwon daji ya kama, duk wanda ya tambaye shi ko yana jin zafi sai ya ce a'a. Yaro ɗan firamare, an farke masa ciki an ɗinke, wai ba ya jin komai. Nas ta yarda har ta rage masa maganin raɗaɗi, ubansa kuwa sai washe baki yake yana gaya wa masu jinya cewa ɗansa namiji ne.

Ni ce goggonsa, ni nake jinyar saboda uwarsa na jego, sai yanzu ya samu ƙani. Na lura numfashinsa sama-sama yake, tari in ya taso masa sai ya danne. Da zazzaɓi ya rufe shi, likita ta saurari bayansa ta ce majina ta taru a huhu. Zafin ɗinkin ne ke hana shi tari, in ji ta, kuma in bai faɗi gaskiya an ba shi magani daidai ba, huhun zai ƙara lalacewa. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Uban nasa ƙanena ne, makanike, ƙato guda, amma ba ya iya kallon ɗansa yana kuka. Tun farkon ciwon nan, da Auta ya ɓare baki zai ce bari ya amsa waya. Ni na san bayan tankin ruwa yake zuwa ya yi nasa kukan.

Da uban ya sauka sayen magani, na lallaɓi yaron, ina shafa masa kai, har ya buɗe baki.

"Goggo, in na yi kuka Baba fita yake yi."

A baranda na tare ƙanen nawa na wanke shi tas, ban rage masa komai ba. Ya shigo ya miƙa mini wayarsa, ya cire takalmi, ya hau gefen gadon, ya dafe wa Auta ɗinkin da matashi yadda nas ta koya mana.

"Yi tarinka, Auta. In da zafi ka yi kuka. Ba inda za ni."

Yaron ya daɗe yana kallonsa kafin ya gwada. Tarin ya zo da ƙara mai ratsa zuciya, uban ya runtse ido, hawaye na bin gemunsa, amma bai motsa ba. Nas ta shigo da sauri ta tambayi Auta ina ne ke masa ciwo.

"Ko'ina," ya ce, yana damƙe da rigar ubansa.