Rinin Awa Biyu

Dogo ya manna idonsa a na'urar ƙara girma yana fatan kada ya ga komai, amma sai da ya gani. Ga ƙwayoyin nan masu kama haske, kore shar, jere a bayan idon ɗan kanari mai kwana uku, wanda ko buɗe ido bai yi ba.

Shekara tara yana neman ranar da waɗannan ƙwayoyi ke fara tsirowa a idon tsuntsaye masu waƙa. Duk samfurin da ya rina kafin kwana na shida, duhu yake gani. Sai ga Auta, ƙanwarsa ciki ɗaya, wadda shi ya roƙa mata aiki a ɗakin binciken, ta gano su cikin wata huɗu. Abin haushin ma, bisa kuskure ta gano. Ƙa'idar Dogo minti ashirin a cikin rini, ita kuwa ta tsoma gilashin samfurin ta fita amsa wayar Inna, ta manta da shi har awa biyu. Ranar ya wanke ta tas a gaban kowa.

Yanzu Farfesa ya ce ba za a fitar da sakamakon da sunanta ba sai Dogo ya maimaita gwajin ya sa hannu. Kishi ya hana shi ko karya kumallo, gaskiyar magana ke nan. Yarinyar da ya koya wa riƙe fensir!

Ya fara da littafin sheƙa, ko Allah zai sa ta kuskure ranar ƙyanƙyasa. Kwanan wata daidai yake, kuma da rubutun hannunsa. Ya duba kwalbar rinin ko ta lalace, lafiyarta lau. Auta ta leƙo ta ajiye masa shayi, ya ce ta ɗauke, ana aiki.

Da azahar ya buɗe firiza ya ciro nasa tsohon samfuri, cikin waɗanda ya rubuta wa "babu komai" shekara bakwai da suka wuce. Ya tsoma a rini. Da minti ashirin suka cika hannunsa ya miƙe da kansa zai ciro, ya mayar da shi aljihu. Ya zauna awa biyu cur, kanari na ta rera waƙa a ɗakin gefe kamar da shi suke.

Da ya duba, ga su nan birjik.

"Yaya, sun fito?" Auta ce a bakin ƙofa.

Zai iya cewa a'a, babu wanda zai sake dubawa kafin wata shekara. Ya jawo takardar ya sa hannu ba tare da ya kalle ta ba.

"Naki sun fito," ya ce.

Sai da ta fita ya mayar da nasa firiza, da rubutunsa na "babu komai" yadda yake.