Ranar da Aka Nemi In Yafe wa Hamisu

Ban taɓa ganin mamacin da aka yi wa kuka irin Hamisu ɗan Alhaji Manzo ba, kuma ban taɓa ganin wanda kukansa ya ba ni haushi irin nasa ba. Ku ce tsohuwa ta yi saɓo in kun ga dama. Ni Kaltumi da idona na ga abin, a bakin ƙoramar garinmu, gaba da Barmu kaɗan.

Alhaji Manzo babban falken shanu ne a Tawa, mai tura garke har Sakkwato da kudu. A shekarun nan da aka samu mulkin kai, sojan Nasara suka fara sayar da tsofaffin motocinsu, sai ya saya wa autansa Hamisu jip guda. Yaron ba shi da gona, ba shi da rumfa a kasuwa, bai san zafin nema ba. Da rani yana can arewa bayan Takanamat, yana korar barewa da mota har ta faɗi don gajiya. Da damina kuwa mu yake zo wa. Abin da yake so shi ne ƙorama ta ciko ja wur, tana tafe da kututture da mushen awaki, shi kuma ya afka mata da mota ya ɓulla ta wancan gefe. Abokansa ƴan biro, ma'aikatan ofis, sai su sauka su tsaya a tudu suna yi masa tafi. Su dai sun san ciwon kansu, ba su shiga.

Ya ƙetare ya ƙetare, har ranar da motar ta mutu masa a tsakiyar ruwa. Ya haye samanta yana ihu, yana kiran sunan Allah da na uwarsa. Maza suna gona ana maimai, suka yar da haiwar noma suka sheƙo. Babban ɗana yana cikinsu. Mutum ne mai mata da ɗiya ƙarama, ba ya cikin masu wasa da rai, amma ba ya iya jin kukan ɗan Adam ya tsaya. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga, ya isa wurin motar da kyar, ya kwance igiyar daga jikinsa ya ɗaura wa Hamisu. Aka jawo Hamisu tudu yana aman ruwa. Ɗana kuwa ruwa ya tafi da shi, sai da ƙorama ta janye aka tono shi cikin rairayi a kwarin wasu mutane.

Gidan Alhaji Manzo suka aiko direba da buhun gero da turmin atamfa. Uban bai zo ba, uwar ba ta zo ba, shi kansa wanda aka ceta bai tako ƙofar gidana ba. Amma ranar da za a ciro motar, sai ga su da kamiyo, babbar motar kaya, da sarƙa da mutane cike, har da mai dafa musu shayi. Wani mutuminmu da ke kai itace Tawa ya ce ya ji Hamisu yana ba da labarin a gaban kanti, ana ta dariya, wai wani baƙauye ne ya miƙo masa igiya. Geron nan na ba awaki. Atamfar ban san inda Rakia matar ɗana ta kai ta ba, ban kuma tambaya ba.

Damina ta zagayo, gero ya fara bununi, aka tafka ruwa a tudun gabas. Da hantsi ƙorama ta iso tana ruri. Ina dawowa daga kai fura gona sai na hangi mota a bakin ruwa, sabuwa fil, da ƴan biron nan a tudunsu na kullum. Maigarinmu Dodo, tsoho mai sanda, yana riƙe da ƙofar motar.

"Hamisu, don Allah don Annabi ka dakata ruwan ga shi sauka," in ji Dodo. "Bara ma rai yac ci."

"Baba, wagga mota ba irin ta bara ba ta," in ji Hamisu yana dariya. "Ku ja baya ku sha kallo."

Ina tsaye kusa da shi da ƙwaryata a kai. Ya dube ni, idonsa ya wuce kamar ya ga turken jaki. Bai san ni ba.

Motar ta shiga da ƙarfi, ta kai tsakiya, sai hancinta ya karkace. Ruwa ya juya ta ya kifar. Hamisu ya ɓullo yana riƙe da ƙafar motar, yana irin ihun da ya yi bara. Mazan garinmu suka bi gaɓa da gudu suna jefa igiya, tana faɗawa nesa da shi. Sun jefa iyakar ƙarfinsu, wannan na shaida, amma babu wanda ya sa ƙafa cikin ruwa. Ƴan biro suka yi ta tsalle suna cewa a shiga, a shiga, me ake jira. Dodo ya miƙa wa babbansu igiya ya ce, "Ungo, abokinku na, ku shiga." Mutumin ya mai da hannuwansa baya. Na tsaya ina kallo har kan Hamisu ya nutse bai sake fitowa ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, sanyi na ji a zuciyata.

Washegari aka same shi maƙale a saiwar wani gao. Ruwa da duwatsu sun ɓata shi, liman ya ce ba ya ɗaukuwa zuwa Tawa, a nan za a rufe shi. To fa, sai Tawa ta taso ta zo mana. Motoci suka cika bakin gari, ga kumandan mai mulkin Tawa da gardawansa masu bindiga, ga fatake da manyan riguna, ga mata suna faɗuwa ƙasa suna birgima. Wannan ya ce yaro jarumi, ba ya tsoron komai. Wancan ya ce wanda ruwa ya ci shahidi ne. Har matan garinmu wasu suka kama share hawaye, wai yaro ne ɗanye, wai ya bar amarya da ciki. Maƙwabciyata Saratu ta ce mini mutuwa ai ba ta da daɗi ko ta wane ce. Na ce mata wanda aka riƙe wa ƙofar mota aka roƙe shi da Allah ya ƙi, shi ya je ya ɗauko mutuwarsa, ba ita ta zo masa ba. Bara da aka tono nawa, mutum nawa suka zo daga Tawa suka kira shi shahidi?

Mazanmu suka wanke shi, suka sa masa likkafani, aka ajiye makara a filin masallaci. Gidana yana jikin filin, darnin kara kawai ya raba mu, don haka komai a kunnena aka yi. Kafin a ta da salla liman Malam Ma'azu ya juyo ga jama'a kamar yadda aka saba.

"Jama'a, wanga bawan Allah ya riga mu gidan gaskiya. Duk wanda ya yi ma laihi, babba ko ƙarami, shi yahe mashi."

Fili ya amsa baki ɗaya, "Mun yahe."

Na miƙe a bayan darni na ɗaga murya yadda na ƙarshen sahu zai ji. "Ni ban yahe ba."

Na ji Alhaji Manzo yana tambaya wace ce, na ji Dodo yana yi masa bayani ƙasa-ƙasa. Sai Alhaji ya fashe da kuka a gaban maza, ya ce ba za a sa ɗansa a rami da hakkin rai a wuya ba, a dakata. Rana tana sama, gawa tana kwance, ƙuda sun fara taruwa.

Malam Ma'azu ya zo ƙofar gida ya yi sallama, ya yi mini wa'azi mai tsawo a kan ladan mai yafiya. Na saurare shi har ya gama, don mutumin kirki ne.

"Malam, dole ta?" na tambaye shi.

"A'a Kaltumi, ba dole ba ta. Hakkinki na."

"To na riƙe abina."

Bai daɗe da fita ba sai ga Hajiya Balkisu, uwar Hamisu, wata mata tana riƙe da ita. Farar mace ce mai jiki, hannu duk awarwaro, ido ya kumbura. Matan gari suka biyo ta suka cika tsakar gida. Rakia tana bakin turmi da ɗiyarta a baya, ba ta ko ɗaga kai ba. Hajiya ta zube a gabana cikin ƙasa, ta kama ƙafata.

"Baiwar Allah, ke ma uwa ta, kin san abin da ni ka ji. Ki dubi girman Allah ki yahe ma yaron nan. Mi kike biɗa? Shanu? Gida cikin Tawa? Hajji? Ki hwaɗi."

Na janye ƙafata. Na tausaya mata, ba zan ɓoye ba, domin kukan uwa iri ɗaya ne ko'ina. Amma da ta ambaci shanu sai tausayin ya koma inda ya fito.

"Hajiya, ba ni son komi naku. Abu guda za ki yi mini. Wanda ya kwance igiya daga ƙugunshi ya ɗaura ma ɗanki, hwaɗi sunanshi. Shekara guda ɗanki ya ƙara a duniya, ya ci ya sha ya yi aure. Wa ya ba shi ita?"

Ta dubi matar da ta rako ta, ita ma ta sunkuyar da kai. Shekara guda cur, babu wanda ya taɓa tambayar sunan a gidan Alhaji Manzo.

"Ki gahwarce ni," in ji ta. "Hwaɗa mini, in riƙe shi har in mutu."

"Ɗan hwarina na, Hajiya. Kin taɓa jin uwa ta kira sunan ɗan hwari?"

Ta san ba a yi, don ita ma ƴar ƙasarmu ta Adar ce. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa furta shi ba, ko a ɗaki ni kaɗai. Hajiya ta rarrafa wurin Rakia.

"Ɗiyata, ke hwaɗa mini."

"Mijina na," in ji Rakia. "Ba ni hwaɗin sunanshi." Ta ci gaba da dakanta.

Hajiya ta bi matan gari da ido ɗaya bayan ɗaya. Duk sun san sunan, wasu ma tare suka yi wasan ƙasa da shi. Har Saratu mai saurin hawaye ta kau da kai tana gyara ɗankwali. Ban roƙe su ba, ban ƙyafta wa kowa ido ba, su da kansu suka yi shiru.

Matar da ta rako Hajiya ta sulale waje wurin maza, ta dawo da sauri ta raɗa mata a kunne. Hajiya ta ɗago ta faɗi sunan. Daidai ta faɗe shi.

Tun da aka rufe ɗana babu wanda ya ambaci sunan nan a gabana, don kunya da tausayi. Ran nan sai ga shi na ji shi a tsakar gidana. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi bara ba, da ƙarfi, a gaban kowa, babu kunyar ɗan fari babu komai. Hajiya ta rungume ni muna yi tare, tana cewa alhamdu lillahi, Allah ya saka miki. Ta ɗauka an gama.

Da numfashina ya dawo na share fuska da bakin zane, na cire hannunta daga wuyana.

"Wanga suna yanzu anka ba ki shi aro a ƙohwar gida. Da ɗanki ya ƙetare jiya, har abada ba ki sanin shi. Tashi ku rufe gawarku, rana tana yi mata illa. Ban yahe ba."

Aka ɗauke ta a hannu aka fita da ita. Sun jira har azahar ta gota ko zan sauko, da wari ya fara damun sahun gaba sai Malam Ma'azu ya ce a yi salla. Aka rufe shi a maƙabartarmu, ba nisa da kabarin ɗana.

Alhaji Manzo ya yi ta aiko malamai da dattawa har ya mutu. Hajiya ma ta sake zuwa da ƙafarta, na shimfiɗa mata tabarma, na dama mata fura, na raka ta bakin mota, amsata ba ta sake ba. Malam Ma'azu yakan ce mini, Kaltumi, kin tsufa, ki sauke kayan nan kafin ki kwanta. Nakan ce masa ai saboda kwanciyar nake riƙe da su. An ce ranar hisabi duk mai hakki za a tsayar da shi gaba da gaba da wanda ya zalunce shi. Ina son a tsayar da ni da Hamisu, ya dube ni da kyau wannan karon, in gaya masa da bakina ko ɗan wa ya mutu dominsa.