Majinyaci Na Ɗaya

Babu mutumin da ya buɗe wa bil'adama kunne a wannan zamani kamar Farfesa. Wannan ba ra'ayi ba ne, a rubuce yake: masana daga ƙasashe arba'in da ɗaya sun ambaci bincikensa sau dubu huɗu da ɗari uku da goma sha biyu. Shi ya gano cewa tsohon da ya kurumce, in aka sa masa na'ura a kunne, aka kuma sami wanda zai zauna gabansa ya yi masa magana a hankali na minti arba'in kowane mako, jinsa yakan dawo. Kafin Farfesa, duniya ba ta san zama da tsoho yana da amfani ba.

Tsohon da aka fara gwada abin a kansa mahaifin Farfesa ne. A mujallu sunansa Majinyaci Na Ɗaya. A unguwa Mai Agogo ake ce masa, don shekara arba'in da huɗu ya yi yana gyaran agogo a wani shago da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Ya rufe shagon ran da ya kara wani agogo a kunne, ya gaya wa mai shi ya mutu, sannan ya buɗe bayansa ya tarar yana tafiya lafiya ƙalau. Tun rasuwar matarsa yake zaune wajen babbar 'yarsa, malamar firamare, mai muryar da ta ishi aji na yara sittin. Farfesa kuwa shi ne autansa, kuma har gobe Auta yake kiransa, ko da a gaban ɗalibai.

Kafin binciken, sau biyu a shekara yake ganin Auta, a tsaye, makullin mota a hannu. Da binciken ya zo, sai ya sami Talata.

Kowace Talata da ƙarfe goma yakan sa rigarsa mai guga, ya hau bene na uku na asibitin koyarwa. Da farko gwaji: a shigar da shi wani ɗan ɗaki mai bango kamar katifa, a kifa masa abin sauraro a kunnuwa, a ba shi maɓalli, a ce in ya ji ƙara ya danna. Bayan nan sai abin da ya kawo shi. Auta zai jawo kujera har gwiwarsu ta kusa haɗuwa, ya ajiye waya, ya dube shi ido cikin ido, ya riƙa karanto masa jimloli yana maimaitawa. Jirgi ya tashi da safe. An wanke tebur. Mai Agogo bai damu da jirgin ba, bai damu da teburin ba. Yakan tsinci rabin maganar a leɓe, ya cike rabin da hankali, sauran lokacin ya yi ta kallon ɗan tabon da ke gefen bakin Auta, wanda ya samu yana ɗan shekara huɗu a dokin ƙofar shago. Minti arba'in cif. Bai taɓa duba agogo ba, ya san su a jikinsa.

A ɗakin gwaji ƙa'ida ce majinyaci ya juya wa taga baya, don kada ya ga hannun mai gwaji. Farfesa da kansa ya rubuta ƙa'idar, an ambace ta sau ɗari biyu. Sai dai a shekarar farko aka ba shi wata takardar yabo, ofis ya cika, ya sa aka rataye ta a cikin ɗakin gwajin, a firem mai gilashi, daidai fuskar majinyaci, don ta ƙarfafa masa gwiwa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon abin da bai kai ƙwayar yashi ba, ba zai rasa ganin hannu a gilashi ba. Mai Agogo ya ga yatsan Auta ya sauka, sai nasa ma ya sauka. Ba da niyya ya yi ba ran nan. Amma da aka buɗe ƙofa sai ya tarar da fuskar da rabonsa da ita tun ran da ya saya wa yaron keke.

"Baba, kun ji wannan? Wannan ƙaramar kun ji ta?"

"Na danna ai," in ji Mai Agogo.

Daga nan ya maida abin sana'a, kuma shi ba ya aikin ha'inci ko a cikin ha'inci. Ba ya danna duka. A cikin biyar yakan bar ɗaya ta wuce, ya ɗan yi jinkirin rabin daƙiƙa kamar mai kokwanto, kowane wata ya ƙara kaɗan. Layin da ke jadawalin Farfesa ya riƙa hawa a natse, kamar mai hawan bene da sanda. Aka buga, aka ambata, aka ƙara takardun yabo, aka rataye biyu a gefen ta farko. Jin Mai Agogo ya ƙaru sosai.

'Yarsa ce kaɗai ba ta karanta mujallu. Wata safiya murfin tukunya ya suɓuce mata a bayansa, ya yi ƙarar da ta sa maƙwabciya leƙowa, shi kuwa yana ta juya shayinsa. Ta zagayo gabansa, ta riƙe ƙugu, ta buɗe baki sosai yadda zai karanta.

"Baba, ikon Allah. A asibiti kuna jin tafiyar tururuwa, a gidana tukunya ta faɗi ba ku waiwaya ba."

"Gidanki ba kimiyya."

"Zan gaya wa ɗan naku mai kimiyyar."

"Ki gaya masa mana. Yaushe za ki gan shi?"

Ta ɗauki murfinta. A bakin ƙofar kicin ta faɗi wata magana tana ba shi baya, ta san sarai ba za ta isa ba.

Shekara uku ana haka. Wata Talata, da aka fito daga gwaji, Auta bai jawo kujera ba. Ya tsaya riƙe da takarda, yana murmushi har tabon ya ɓace.

"Baba, kun gama."

"Na gama me?"

"Kun kai matakin ƙarshe. Babu sauran abin da zan koya muku. Yau zan sallame ku." Ya rage sauri, ya rarrabe kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda littafinsa ya ce a yi. "An ba mu tallafin sabon bincike. Za mu nuna cewa wanda ya warke ba sai ya riƙa wahalar zuwa asibiti ba, ana iya bibiyarsa ta waya. Ku ne za ku fara. Kun huta da hawan benen nan."

Mai Agogo ya zauna, ko da yake ba a ce ya zauna ba. A duk shekarun nan ya lissafa jinkirin rabin daƙiƙa, ya lissafa ɗaya cikin biyar, bai taɓa lissafa cewa layin da ke hawa yana da inda zai tsaya ba. Gyaran kuwa mai sauƙi ne, bai fi jimla ɗaya ba. In ya faɗe ta, za a sauke firem, a sake gwaji, layin ya faɗo ƙasa warwas, a ce ya dawo Talata mai zuwa, da wadda ke bin ta, wataƙila har ƙarshen ransa. Sai dai layin ba shi kaɗai zai faɗo ba. Yana cikin littafi, yana cikin jawabin da Auta zai yi wata mai zuwa a gaban mutum dubu, hoton layin ne a shafin farko.

"Auta," ya ce. "Firem ɗin can."

"Wanne, Baba?"

Suka shiga ɗan ɗakin tare. Bai taɓa ganin su biyu a gilashin ba sai ran nan: tsoho mai riga mai guga, da wani mutum mai furfura a gefen kunne da kumburi a ƙarƙashin ido, wanda bai yi kama da mai barci sosai ba. Yaushe yaron nan ya yi furfura?

"Me ya same shi?" in ji Farfesa.

Mai Agogo ya sa yatsa biyu, ya ɗan tura kusurwar hagu sama.

"Ya karkace ne. Shi ke nan, ya daidaita."

Farfesa ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa, ya raka shi har bakin bene, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce wa wata ma'aikaciya da ke wucewa, "Kin ga idon Baba? Har yanzu ba ya kuskure." Ma'aikaciyar ta ce lallai kam.

Talatar da ta biyo, 'yarsa ta goge masa rigar ba tare da ya tambaya ba, ta ajiye masa waya a kan tebur, ta ɗauki jakarta ta tafi makaranta. Ya sa rigar. Ya jawo kujerar da babu kowa a kai har ta kusa taɓa gwiwarsa, sannan ya ga abin bai yi tsari ba, ya ɗan tura ta baya. Ya cire agogonsa ya shimfiɗa a gabansa.

Ƙarfe goma da minti shida fuskar wayar ta yi haske. Ya danna, ya kara ta a kunnen da ya fi dama. Can ciki akwai wani abu kamar iska a bayan ƙofa, yana tashi yana kwanciya. Shekara uku yana kallon bakin nan, ya san jimlar Auta daƙiƙa bakwai ce, sai numfashi. Ya zuba wa tsinken daƙiƙa ido.

"Na'am," ya ce.

Bakwai.

"Lafiya lau. Ita ma lafiya."

Bakwai.

"Madalla."

Farfesa ya rubuta a takardarsa cewa Majinyaci Na Ɗaya ya amsa tambayoyi tara cikin goma daidai, ya yi sallama a minti na huɗu, ya shiga taro.

Mai Agogo bai janye wayar ya duba fuskarta ba. Ya ci gaba da bin tsinken, duk daƙiƙa bakwai yana cewa madalla, har minti arba'in ɗinsa suka cika.